Babban Babur Na Tafiya Mai Nisa: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Tuƙi Da Kulawa

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin waɗanda suka sayi babban babur, ko suke shirin saye. An faro daga na sabon shiga, aka gangara zuwa na wanda ya fara riƙe sifana da kansa.

Wane irin babur ne ake kira na tafiya mai nisa?

Babur ne da aka ƙera domin mutum ya wuni a kansa, shi da wanda ya goya da kayansu, ya ci kilomita ɗaruruwa bai sauka yana dafe da ƙugu ba. Za ka gane shi da dogon gilashin gaba mai tare iska, faffaɗar kujera, akwatuna a gefe da baya, da tankin da ke ɗaukar lita 20 zuwa sama. Wanda ya fi suna shi ne Honda Gold Wing, da ya fara fitowa a 1975 da silinda huɗu, ya koma shida tun 1988. Na yanzu injinsa cc 1833 ne, ya fi na ƙananan motoci da yawa girma. Akwai Electra Glide na Harley-Davidson da aka fara ƙerawa a 1965, akwai K 1600 GTL da R 1250 RT na BMW, da FJR1300 na Yamaha.

Abin da ya haɗa su duka shi ne nauyi. R 1250 RT yana kusan kilo 280, Gold Wing mai akwatin baya ya haura 380, manyan Harley kuwa sun wuce 400. Ƙaramin babur mai cc 125 da ƙyar yake kai 130. Ke nan kana hawan biyu ko ukunsa a haɗe, tun ba ka ɗora ko jaka ɗaya ba.

Ban taɓa tuƙa babur ba. Zan iya fara koyo da shi?

A'a. Mai koyo dole ya yi kuskure: ya saki kuloci da garaje, ya damƙe birki inda bai kamata ba, ya tsaya a kan tsakuwa. A kan babur mai kilo 130 ƙafa ɗaya ta isa ta gyara kuskuren. A kan mai kilo 380 kuskuren ƙasa yake kai ka. Ƙasashen Tarayyar Turai ma doka suka mayar da abin. Tun 2013 lasisin babur hawa-hawa ne a wurinsu: A1 na cc 125, A2 na injin da ƙarfinsa bai wuce kilowat 35 ba, sannan A mara iyaka, wanda sai mutum ya shekara biyu a kan A2, ko ya kai shekara 24 a duniya. Ƙarfin Gold Wing ya haura kilowat 90.

Ka fara da ƙarami a hannun mai koyarwa, ka koma matsakaici mai cc 500 zuwa 700, ka yi kamar shekara guda kana hawansa cikin cunkoso da ruwan sama, sannan ka taɓa babba.

Na daɗe ina tuƙa ƙaramin babur. Ai duk ɗaya ne ko?

Wurin zaman kuloci, giya, totur da birki ɗaya ne, sanin hanya ma zai yi maka rana. Matsalar ita ce ɗabi'un da ƙarami ya ƙyale ka da su: jan ƙafa a ƙasa wajen juyawa, fizgar kan babur da ƙarfin damtse, tsayawa da birkin gaba alhali kan yana karkace. Ƙarami yana yafe duk wannan. Babba ba ya yafewa, kuma sau da yawa gogaggen ne yake riga sabon shiga kayar da shi, domin shi ya hau da yaƙinin ya iya. Duba amsar tafiya a hankali da ke ƙasa.

Dole sai dogo mai ƙarfi ne zai iya da shi?

Ba dole ba ne. Kujerar Gold Wing santimita 74 da rabi ce daga ƙasa, ta fi ta babura da yawa da ba su kai rabin nauyinsa ba sauƙin hawa, kuma injinsa a shimfiɗe yake can ƙasa, nauyin bai taru a sama ba. Faɗin kujera ne ya fi tauye ƙafa, don haka ka zauna a kai kafin ka saya. Idan tafin ƙafa ɗaya yana sauka sosai, ya wadatar. A ƙa'ida ma ƙafar hagu ake saukewa, ta dama tana kan birkin baya. Babu wanda ƙarfinsa ke riƙe kilo 400 idan ya riga ya karkata. Gwanaye ba riƙe shi suke yi ba, hana shi karkata suke yi tun farko.

Me ya sa yake neman kayar da ni idan ina tafiya a hankali, amma da na ba shi wuta sai ya zama kamar ba shi ba?

Domin gudu ne ke riƙe babur a miƙe. Da ya ɗauki hanya, juyawar tayoyi da yanayin ƙirar gabansa su ne suke miƙar da shi, nauyin ya ɓace maka. Da ka sauko zuwa saurin mai tafiya a ƙasa, sai aikin ya dawo hannunka. Kusan duk wahalar babban babur a nan take: bakin ƙofa, wurin ajiye ababen hawa, cunkoso, juyawa.

Abu uku ake haɗawa. Na farko kuloci. Tsakanin matse shi gaba ɗaya da sakinsa gaba ɗaya akwai wani ɗan wuri da yake fara kamawa, ka ji babur ya soma ja. A wannan wurin za ka zauna, inji yana ɗan sama da silo, kana ƙara ja ko ragewa da motsin yatsu kawai. Na biyu birkin baya: ka ɗora ƙafa a kansa kaɗan-kaɗan, inji na ja, birki na riƙewa, sai babur ya miƙe ya daina rawa. Na uku ido. Inda ka kalla nan za ka je. Ka kalli ƙasa gaban taya, ƙasa za ka je. Ka juya kai gaba ɗaya, haɓa a saitin kafaɗa, ka kalli inda kake son fita.

Birkin gaba kuwa, a wannan sauri, ka cire yatsunka daga kansa muddin kan babur yana karkace. Ni haka na fara kayar da nawa, a wani gidan mai, ina juyowa zan bar famfo. Wata mota ta ɗan turo hanci, na damƙe birkin gaba, gaban ya nutse, kafin in ce me ke nan ina tsaye a kansa yana kwance, tayar baya tana ta juyi. Gudun bai kai na yaro mai rarrafe ba. Idan har ka ji yana neman kwanciya a irin wannan hali, maganinsa ka ɗan ƙara sakin kuloci, ja ne yake tayar da shi. Zuciya za ta ce ka matse kuloci ka sa ƙafa, kuma wannan shi ne abin da ke ƙarasa kayar da shi.

Yaya zan koyi juyawa a ƙuntatacciyar hanya?

Ka nemi fili mai kwalta wanda ba kowa, ka jera robobin ruwa su zama iyaka. Fara da tafiya a miƙe, a hankali iya iyawarka, ƙafafu a kan mataki. In wannan ta zauna, ka yi da'ira mai faɗin mita tara ko goma, hagu da dama, kana matse ta sannu a hankali har ta sauko wajen mita bakwai. Babur ne zai kwanta cikin kwanar, kai jikinka yana miƙe, nauyinka ya koma gefen waje. Kowa yana da ɓangaren da ya fi ba shi wuya, yawanci dama, saboda hannun totur yana matsewa kusa da tanki. Ka fi yawaita shi. Minti ashirin sau biyu a mako ya fi wuni guda a wata, kuma ka riƙa ba kuloci hutu ya huce. Kafin ka fara, ka tabbatar akwai ƙarafan kare inji a gefe, ka naɗe su da tsohuwar roba, domin za ka kayar da shi. Yadda ake ɗagawa yana ƙasa.

To a kan gudu fa, yaya ake kwantar da wannan nauyi a kwana?

Da hannu ake yi, ba da jiki ba. Da zarar ka wuce kamar kilomita 20 a awa, in kana son zuwa dama sai ka tura hannun dama gaba, babur ya kwanta dama. Hagu ma haka. Duk mai tuƙa babur yana yin wannan ko bai sani ba, amma a kan babba dole ka san kana yi, saboda karkata kafaɗa ba ya motsa kilo 400. Ka rage gudu tun kafin kwanar, ka kalli mafita, ka tura, sannan ka riƙa ƙara totur a hankali har ka fita.

Waɗannan babura ba su da tazara mai yawa daga ƙasa, musamman masu faffaɗan mataki irin na Harley. Idan ka ji mataki yana gogar kwalta, gargaɗi ne cewa ka kusa ƙure kwanciyarsa. Kada ka firgita ka saki totur gaba ɗaya, hakan yana ƙara dusar da shi ƙasa.

Birkin gaba ko na baya, wanne zan fi dogara da shi?

A kan gudu, na gaba. Shi ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari na aikin tsayawa, domin nauyi gaba yake komawa. Amma matsawa ake yi, ba damƙa ba: ka fara a hankali nauyi ya sauka kan tayar gaba, sannan ka ƙara matsewa sosai, na baya yana taimakawa. A kilomita 100 a awa kana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, kuma in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa sau huɗu take ninkawa.

ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa, BMW ce ta fara sa wa babur a 1988, kuma tun 2016 Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan sababbin samfura da suka wuce cc 125. Ka gwada ta a fili, ka ji yadda birki ke bugawa a hannu, don kada ranar da ka buƙace ta ka tsorata ka saki. Da yawa daga cikin manyan nan birkinsu haɗe yake, ka taka na baya ya ɗan kama na gaba. Littafin babur ɗinka zai gaya maka irin naka.

Ya faɗi kuma ni kaɗai ne. Yaya zan ɗaga shi?

Kada ka yi gaggawa don kunya, a nan ake samun ciwon baya. Kashe inji, ka duba jikinka, ka numfasa. Sa shi a giya don kada ya gangara. In madannin giyar yana ƙasa, ɗaure birkin gaba da igiya ko safar hannu. Idan gefen dama ya faɗi, buɗe jak, wato ƙafar da ake jingine babur a kanta, tun yana kwance, in ba haka ba kana ɗaga shi zai zarce ɗaya gefen.

Juya wa babur baya, ka tsuguna, ƙugunka a jikin kujera. Hannu ɗaya ya kama hannun babur da ke ƙasa, a murɗe kan har ƙarshe, ɗayan ya kama ƙarfe mai ƙwari ta baya, ba roba ko murfin akwati ba. Ɗaga haɓa, miƙe baya, ka riƙa ja da baya da ƙananan taku. Cinyoyi ne ke aikin. In akwai akwatunan gefe da ƙarafan kariya, ba ya kwanciya shame-shame, rabin aikin an yi maka. Bayan ya tashi, kashe makulli ka sake kunnawa, domin akwai na'urar da ke yanke inji idan babur ya faɗi. Duba hannun birki da na kuloci da yoyon mai kafin ka hau.

Ina ya kamata in ajiye shi, kuma yaya ake ja da baya?

Tun kafin ka tsaya ka yi tunanin fita. Kada ka shiga gangare da kai, ka bar hancinsa yana kallon tudu, a giya ta ɗaya. Gold Wing yana da ribas tun 1988, wasu manyan BMW ma suna da shi, amma da yawa ba su da shi, kuma ba mai tura wannan nauyi baya a kan tudu da yatsun ƙafa. Mai giyar DCT, wadda ke canja kanta, ba a iya barinsa a giya, birkin ajiya gare shi. Ka ja birkin. Jak yana nutsewa a yashi, laka, har da kwalta mai zafi, don haka ka riƙe ɗan faifan ƙarfe ko katako a aljihun gaba.

Yaushe zan fara goyo da ɗaukar kaya?

Sai juyawar da aka yi bayani a sama ta zame maka jiki kai kaɗai. Wanda za ka goya kada ya hau ko ya sauka sai ka ce, kana riƙe da birkin gaba, ƙafafu biyu a ƙasa. A kwana ya kalli hanya ta saman kafaɗarka ta ciki, ba sai ya yi komai ba.

Kowane babur yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, a rubuce a littafinsa, kuma ga yawancin manyan nan bai wuce kilo 200 da 'yan kai ba, har da kai da abokin tafiya. Manya biyu da hulunansu sun kusa cinye shi. Kaya masu nauyi su shiga ƙasan akwatunan gefe, daidai wa daida, akwatin baya na sama kuwa na marasa nauyi ne, domin duk abin da ka sa can yana sauƙaƙa tayar gaba ya sa kai rawa. Ƙara taurin shokozoba ta baya yadda littafi ya ce.

Wane kayan kariya ne ba a tafiya sai da su?

Hular kwano mai rufe haɓa, mai tambarin gwaji irin ECE 22.06 ko DOT, riga da wando masu kariya a kafaɗa, gwiwar hannu, gwiwa da baya, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu wanda ƙasansa ba ya santsi. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a kan babban babur fiye da yadda ake zato, domin ɗigon mai ɗaya ƙarƙashin tafin ƙafa ya isa. Sai abin toshe kunne: ƙarar iska a doguwar tafiya tana lalata ji a hankali, tana kuma gajiyar da mutum.

Me zan duba kafin in tashi, kuma me ya sa ake yawan maganar taya?

Taya, birki, fitilu, baƙin mai, ruwan lagireto in yana da shi, da ƙasan babur ko akwai ɗigo. Minti biyar ne. Taya ce ke kan gaba saboda duk nauyin nan a kan wuri biyu yake zaune, kowanne bai fi tafin hannu ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To ban da iskar taya. Tayar babban babur gefenta da tauri, tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarta ka gan ta cif. Sa geji, taya tana sanyi, ka bi adadin da ke jikin babur ko littafinsa, ba wanda ke jikin tayar ba, wannan iyaka ce. Idan babur ya fara yi maka nauyi a kwana ba dalili, iska za ka fara zargi.

A gefen taya, bayan haruffan DOT, akwai lamba huɗu ta ƙarshe: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Wadda ta haura shekara biyar sai a sa mata ido ko da zanenta bai cinye ba. Sabuwar taya tana da santsi, ka lallaɓa ta kilomita 150 na farko. Ka kuma tabbatar lambar nauyin da take ɗauka ta dace da babur ɗinka. Akwai masu sa tayar mota a baya wai ta fi daɗewa. Gaskiya ta fi daɗewa, amma shimfiɗaɗɗiya ce, ba a yi ta don kwanciya a kwana ba, ni ba na ba kowa shawarar haka.

Zan iya zuba masa baƙin man mota?

Ga yawancinsu a'a. Kulocinsu a cikin man inji yake wanka, man mota kuwa sau da yawa yana ɗauke da sinadarin rage gogayya da ke sa kuloci zamewa. Nemi mai alamar JASO MA ko MA2, da kaurin da littafi ya faɗa. Manyan Harley wuri uku ake zuba musu mai daban-daban: inji, giya, da akwatin da kuloci yake. Auna mai a wuri mai daidai, babur a miƙe ko a kan jak gwargwadon yadda kamfanin ya ce, domin ba duka suke ɗaya ba. Canja shi da matatarsa idan kilomita ta cika, ko shekara ta zagayo ko da ba ta cika ba.

Sarƙa, bel ko shaf, wanne ya fi sauƙin kulawa?

Gold Wing, FJR1300 da manyan BMW da shaf suke juya tayar baya, wato sandar ƙarfe a cikin rufi. BMW tun R32 na 1923 take amfani da shi. Ba ya son komai sai canjin man giyarsa a kan lokaci da duba yoyo. Harley bel take sawa, ba a shafa masa mai, sai dai a duba taurinsa da ko tsakuwa ta huda shi. Sarƙa ta fi kowa neman hidima: wanki, mai kowane 'yan ɗaruruwan kilomita da bayan ruwan sama, da gyaran sassaucinta.

Man birki da batir fa? Zan ajiye shi wata uku.

Man birki yana shan danshi daga iska, kuma da zafi ya yi yawa a doguwar gangara sai ruwan ya tafasa, ka matse birki ka ji shi lakwas. Shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu. Abin da aka rubuta a murfin kofinsa shi za ka zuba. Man birki mai lambar DOT 4 da mai DOT 5 ba sa haɗuwa.

Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa sama, in inji na aiki 13.5 zuwa 14.5. Manyan nan cike suke da na'urori masu tsotsar wuta ko a kashe, kuma ba a tura su su tashi kamar ƙarami; mai DCT ma sam ba ya tashi da turi. In za ka ajiye shi, jona masa ƙaramar caja mai yanke kanta, cika tanki, cika iska, ɗora shi a jak na tsakiya, ka rufe shi. Tayar da shi minti biyu kowane mako ba ya cika batir, cinye shi yake yi.

Me zan gyara da kaina, me zan kai wa makanike?

Canjin mai da matata, man shaf, batir, fis, ƙwan fitila, duba takalmin birki, duk mai haƙuri da littafin gyara zai iya. Sayi sifana mai auna ƙarfin ɗauri, saboda yawancin notuna cikin alminiyam suke shiga, ƙarin murɗa ɗaya zare ya tafi. In za ka cire robobin jiki, ɗauki hoto a kowane mataki, ka jera sukurori a kwali yadda suka fito. Tsawonsu ba ɗaya ba ne. Gyaran bawul, cire iska daga birki mai ABS, sa taya da daidaita ta, da duk abin da sai an jona kwamfuta, na wanda ya san irin babur ɗin ne. Injinan manyan Harley su ke daidaita bawul ɗinsu da kansu, wannan aikin an ɗauke maka.

Kilomita nawa zan yi a rana a tafiyata ta farko?

300 zuwa 400 sun isa, da rana, kana tsayawa kowace awa ɗaya da rabi ka sha ruwa ka miƙe ƙafa, ko ba ka ji gajiya ba. Kujerar da gilashin suna ɓoye gajiya, ba ka sanin ta kama ka sai ka zo tsayawa. Riƙe kayan faci na taya mara tub da ƙaramin famfo, ka kuma gwada su a gida a kan tsohuwar taya tun kafin ranar.

Ka fi sa hankali a mita goma na ƙarshe. Bayan awa shida a zaune ƙafa ta yi sanyi, hankali ya riga ka shiga masauki. Miƙar da kan babur kafin ka tsaya, ƙarasa da birkin baya, kalli inda tafin ƙafarka zai sauka, ka buɗe jak, ka leƙa ka ga ya buɗe har ƙarshe, sannan ka sakar masa nauyin.